Lotsattse Ya Rasu a Hannun Mai Guduma

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da kuma fushin da ba ta da niyyar ɓoyewa, Mai Kek ta layin bayan kasuwa na sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa lashe yatsa bayan ya ci kek ɗinta, rasuwar kofinta na awon man zaitun, wanda aka fi sani da Lotsattse. Marigayin ya cika da hantsin ranar Talata a kan teburin kicin, bayan an yi masa aiki har sau biyu ba tare da ya taɓa ce wa kowa yana ciwo ba. Ya yi shekara talatin da 'yan kai a bakin aiki. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Hannu ne, kuma mai hannun yana nan cikin gidan, yana cin abinci yana ƙoshi, har yana tambayar a ƙara masa gishiri.

Idon Mai Kek ba ya ganin rubutu yanzu, don haka daga bakinta aka ɗauki wannan sanarwa, an kuma ja wa mai rubutu kunne kada ya kuskura ya sassauta kalma ko ɗaya. Ta ce a faɗa tun daga farko, don kada wani ya ɗauka wasa ake yi: mutuwar nan ta zo da wata mutuwar a bayanta. Mai Gidan Shayi na bakin titi, wanda ke karɓar kek ɗinta tun yana ɗan saurayi da tebur ɗaya, ya ba ta wa'adi zuwa Asabar. In kek ɗin Asabar bai fito yadda aka san shi ba, zai nemi wani wuri, 'yarta Auta kuma za ta lulluɓe tanderu da zane, a ajiye wa tsohuwa kujera kusa da taga.

Marigayin ba ɗan gidan kowa ba ne. Kofin silba ne na shan ruwa, an sayo su su shida a kasuwa, duk kamarsu ɗaya, kowanne yana ɗaukar rubu'in lita. Ba wanda ya dube shi ya ce wannan zai zama wani abu. A lokacin Mai Kek tana yarinyar mace, tana aiki a gidan burodin wata uwar ɗakinta, wadda ta koya mata kek ɗin man zaitun da ɓawon lemo. Matar nan komai da sikeli take yinsa. Gari a sikeli, sukari a sikeli, man zaitun giram ɗari biyu cif, ba ƙari ba ragi. A gidan burodi abin ba wuya, tunda sikeli yana nan. Da Mai Kek ta sayi ɗan tanderunta ta ce za ta fara yi a gida, a nan ne ta gane ba ta da sikeli, kuma man zaitun ba shi da mutunci.

Ta ari jug, kofin awo mai layi-layi, a maƙwabta, ta zuba mai har layin ɗari biyu, tana ganin ai ɗari biyu ɗari biyu ne. Kek ya fito busasshe, yana marmashewa, yana maƙale wa mutum a wuya. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, layin jug cika yake nunawa, ba nauyi ba. Da ruwa ne da ba komai, don shi ruwa mililita ɗaya giram ɗaya ne, ba ya wahalar da kowa. Amma man zaitun ya fi ruwa sauƙin nauyi, lita gudansa da kyar take haura giram ɗari tara da goma. Wanda ya tsaya a layin ɗari biyu, abin da ya samu bai wuce ɗari da tamanin da 'yan kai ba. Da ta ga haka sai ta koma wa kofin shan ruwa, ta cika shi taf. Wannan kuma ya zarce, ya doshi ɗari biyu da talatin. Kek ya zauna a tsakiya, ya jiƙe takarda, wanda ya ɗauka sai ya nemi sabulu. Awon gaskiya yana tsakanin biyun nan, a wurin da ba wani mai ƙera kofi da ya taɓa ja wa layi.

Ranar da marigayin ya sami sunansa, da la'asar ne. Mai Kek ta fito da wani kek ɗin da ya sake zama, tana tsaye tana kallonsa, ranta a ɓace. Mijinta, mai bugun jikin mota, wanda duk layin ke kira Mai Guduma, ya dawo daga gareji da kayan aikinsa a jiki, ya tsaya a ƙofar kicin, ya leƙa faranti, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Ya ce, "Maman yara, ki haƙura da tanderun nan, ki zauna ki huta." Kofi yana hannunta. Ta sake shi da iya ƙarfinta. Mai Guduma ya kauce hagu, kofi ya sami ƙarfen ƙofa, ya yi maganarsa ta farko a duniya: ƙwal. Har gobe Mai Kek ba ta yi nadamar jifan nan ba, in ban da kaucewar da aka yi.

Ta ɗauke shi a ƙasa, gefensa ya lotsa ciki. Ba don hikima ba, don tsabar haushi kawai, ta sake kwaɓa gari, ta cika kofin da mai har baki, ta juye. Kek ya tashi. Ya yi ja a sama, ya yi laushi a ciki, wuƙa ta shiga ta fito a bushe, ƙamshi ya kai har gidan da aka ari jug. Washegari ta kai kofin gidan burodi, aka ɗora shi wayam a sikeli, aka sake ɗora shi cike da mai, aka cire nauyin jikinsa. Ɗari biyu. Uwar ɗakin ta sake aunawa don ba ta yarda ba, ya sake ba da ɗari biyu. Lotsawar nan ta cinye wajen babban cokali biyu daga cikinsa, daidai abin da ke ɓata kek. Daga ranar aka haramta wa kowa shan ruwa da shi.

Halin marigayin ba ɓoyayye ba ne. Bai taɓa neman batir ba, bai taɓa cewa sai an danna masa wani abu kafin ya yi aiki ba. Bai san ƙarya ba, ko lokacin zafi ko lokacin sanyi abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa yau, in ma akwai bambanci to kek bai taɓa kawo ƙara ba. Ba ya zuwa aro. Maƙwabciyar da ta taɓa aiko a ba ta shi ta auna shinkafa, har yau gaisuwarsu ba ta koma daidai ba. Kuma yana da murya. Tunda ya bugu, gindinsa bai sake zama daidai ba, in aka ajiye shi a tebur sai ya yi rawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kafin ya natsu. Yaran gidan da wannan sautin suka girma. In suka ji shi daga ɗaki sun san an kai wurin mai, saura kaɗan a ba su kwano su suɗe.

Da idon Mai Kek ya fara hazo, a nan ne aka san darajarsa. Gari yana da yafiya, in ya ɗan yi yawa hannu zai ji a kwaɓi. Sukari ma haka, harshe zai faɗa. Ƙwai ƙirga shi ake yi. Mai ne kaɗai ba ya yafewa, kuma ba a gane laifinsa sai an buɗe tanderu. Lotsattse ya ɗauke mata wannan. Babban yatsanta yana shiga lotsawar nan ya zauna daram, manuninta yana kan leɓen kofin, ta karkata kwalba, in ta ji sanyin mai ya taɓa kan yatsa sai ta tsaya. Ba ta bukatar ganin komai. Shekarun nan da ta daina gane fuska daga nesa, ta daina zare allura, ta daina karanta takardar magani, ba wanda ya taɓa cin kek ɗinta ya ce wani abu ya canza. Kofin nan ne ya rufa mata asiri, shi ya sa take kuka.

Yanzu a zo ga wanda ya yi aika-aikar. Mai Guduma ya yi rayuwarsa duka yana fitar da lotsawa daga jikin motocin mutane, kuma a gaskiya ya iya, ba a hana shi wannan. Masifar ta faro ne da ya bar gareji ya dawo gida ya zauna. Hannunsa ya shiga ƙaiƙayi. Ya miƙe murfin tukunya, ya miƙe faranti, ya miƙe ƙyauren gida, ya ƙwace bokitin maƙwabta a bakin famfo ya miƙe musu ba su roƙe shi ba. Duk abin da ke da ɗan ƙwarmi a layin nan sai da ya ji guduma. Abu ɗaya ya rage, kuma an gaya masa da baki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, cewa ranar da ya taɓa kofin nan ya nemi inda zai kwana.

Shi dai abin da yake faɗa wa mutane yanzu, wai tausayinta ya ji, mace mai sana'a kamarta tana aiki da abin da ya yi kama da na bola. Mai Kek ta ce ƙarya yake yi. Kofin nan shaida ne. Shi kaɗai ya rage a gidan da ke tuna ranar da Mai Guduma ya ce wa matarsa ta zauna, ta ƙi zama, kuma abin da ta ƙi zaman a kansa shi ya ɗauki gidan lokacin da gareji ya yi sanyi. Da bakinsa ya taɓa cewa, "Kofin nan naki duk na shigo kicin kallona yake yi." To, ya gaji da kallon.

Ya jira ranar da Auta ta kai uwarta asibitin ido. Ya ɗauko ƙaramar gudumarsa da guntun katako, ya zauna a tsakar gida, ya bi lotsawar nan a hankali daga ciki har ta tashi. Ya daidaita gindin. Ya goge shi da toka har yana ɗaukar ido, ya mayar da shi kan kantar kicin, ya sa riga mai kyau ya zauna jiran godiya. Mai Kek ta dawo da magani a ido, ta shiga kicin, ta kai hannu inda ta saba, ta ɗauko kofi ta ajiye a tebur. Shiru. Ta ɗaga shi ta sake ajiyewa. Shiru. Yatsanta ya zagaye jikinsa yana neman gidansa, bai samu ba. Ta ce, "Malam, ina kofina?" Ya ce, "Ga shi nan a hannunki, gyara miki shi na yi." Ta ce, "Ya ce maka ya lalace ne?" Tun daga wannan tambaya ba ta sake amsa masa gaisuwa ba.

Jinyar ba ta yi daɗi ba. A ido marigayin ya fi kowane lokaci kyau, amma ciki ya riga ya tafi. Ya koma ɗaukar rubu'in lita kamar kowane sakaran kofi. Mai Kek ta san ya zarce, sai ta riƙa tsayar da kwalba da ka, tana cewa nan ne, nan ne. Kwaɓi ɗaya ya fito jage-jage, na biyu ya fito kamar soso. Aka ce ta cika shi ta kwashe cokali biyu. Wanda ya ba da shawarar bai taɓa ƙoƙarin ɗiban mai da cokali daga cikakken kofi da ido a rufe ba. Rabi ya tafi tebur, saura ya bi hannun riga, man zaitun kuwa ba abin da ake wasa da shi ba ne.

Mai Gidan Shayi da kansa ya dawo da farantin, bai aiko kowa ba. Ya tsaya a ƙofa yana juya takardar da mai ya huda, ya rasa inda zai sa ido. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, murya ƙasa-ƙasa, "Mama, ko dai jikin ne?" Mai Kek ta ce a rubuta cewa tunda take ba a taɓa yi mata tambayar da ta yi mata zafi kamar wannan ba. Jikinta ƙalau. Hannunta ƙalau. Kofi aka kashe mata, amma wa zai yarda? Kowa ya ga tsohuwa mai hazo a ido da kek da ya ɓaci, ya gama lissafinsa.

Ita ma Auta ba za ta fita a sanarwar nan salin alin ba. Ma'aikaciyar jinya ce, tana da ƙwaƙwalwa, ba a musa mata. Ta shigo da sikelin lantarki da sabon jug, ta zaunar da uwarta ta yi mata bayani tiryan-tiryan: in kana da giram kana neman mililita, ka ƙara masa wajen kashi ɗaya cikin goma, in kana da mililita kana neman giram, ka rage masa kusan haka, giram ɗari biyu na man zaitun zai tsaya ne dab da layin ɗari biyu da ashirin, ɗan ƙasa da shi kaɗan. Duk gaskiya ne, Mai Kek ba ta ce akwai kuskure a ciki ba. Sai dai layin jug ɗin siriri ne kamar gashi, lambobin sikelin kuma kamar ƙananan tururuwa a cikin hayaƙi. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ba ta ga komai ba. Auta ta ce, "Ba komai Umma, ranar da ba ni da aiki zan riƙa zuwa ina karanta miki." Wato mace da ta yi shekara talatin tana kunna tanderu lokacin da ta ga dama, yanzu sai ta jira ranar hutun wata.

Sai Auta ta dafa wa uwar gwiwa, ta tausasa murya irin yadda suke yi wa marasa lafiya, ta ce, "Umma, ki haƙura da tanderun nan, ki zauna ki huta." Kalma bayan kalma, ba ta sauya ko ɗaya ba. Ba ta ma zo duniya ba ranar da aka fara faɗin maganar nan, amma bakin ubanta ta ɗauko. Hannun Mai Kek ya motsa da kansa yana lalube a tebur. Ba a jifan 'ya, kuma ko ana yi, babu abin da ya cancanci a jefa. Ta ce a rubuta wannan ma, ba ta jin kunya: tsoro ta ji. Ta san kujerar da ake nufi, ta san tagar. Tana tsoron ta zama wadda ake auna wa komai, a auna mata magani, a auna mata abinci, a auna mata maganar da za a gaya mata.

Aiki na biyu shi ya ƙarasa shi. Mai Guduma ya ga gaisuwa ta ƙi dawowa, ya ga matarsa tana zama a kicin ba ta kunna komai ba, sai ya yanke wa kansa shawara, kamar dai yadda ya saba, cewa zai mayar da lotsawar. Ya haɗa baki da Auta, ita ta riƙe sikeli da kwalba, shi ya riƙe guduma, za su riƙa bugu suna aunawa har a sauko ɗari biyu. Ba su nemi izini ba. Mai Kek tana can ta bayan gidan tana shanya ta ji bugu na farko, ta saki zane ta taho tana dafa bango. Kafin ta iso an yi na biyu. Ƙarfen da ya sha wanki shekara da shekaru, ya kuma sha guduma kwanan nan, ya riga ya yi sirara kamar takarda. A bugu na uku bai ce ƙwal ba. Cewa ya yi ƙas, a hankali. Auta ta zuba mai don ta gwada, mai ya bi tsagar ya gangaro ta wuyan hannun ubanta, ɗis, ɗis, ɗis, a kan siminti. Wannan ita ce maganar marigayin ta ƙarshe.

Ya rasu ya bar tanderu, abokin aikinsa na tsawon rai, wanda tun kafin Talata bai ga wuta ba. Ya bar kwalbar man zaitun da ta kai rabi, tana tsaye a kan kantar kicin kamar mai takaba. Ya bar maburgi, da gwangwanin gari, da kwanon gashi mai baƙin gindi, da ƙarfen ƙofar kicin wanda har yau tabon haɗuwarsu yana jikinsa. 'Yan uwansa biyar da aka sayo su tare sun daɗe da watsewa, wani yara suka yar, wani ya bi baƙi, ba wanda ya tambayi inda suke tunda ba su tsinana komai ba. Sikelin lantarki da sabon jug ba dangi ba ne. In sun ga dama su halarta, amma kada a gan su a sahun gaba.

Ana karɓar ta'aziyya a kicin, daga hantsi zuwa la'asar. Mai zuwa ya san abin da zai faɗa tun daga gida. Wanda ya ce "ai kofi ne kawai" zai koma ta ƙofar da ya shigo. Wanda ya ce "mai ai mai ne, ki sa na gyaɗa" kada ya sake sa ran kek ko da na bikin 'yarsa ne. Kada a kawo kofin roba a matsayin gudummawa. Kada a ce Mai Guduma niyyarsa mai kyau ce, an ji wannan har an gaji, niyyar ba ta tashi kek ko ɗaya ba. Fiye da komai, kada wanda ya tambayi Mai Kek ya jiki.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da safe ta bayan gidan, ƙarƙashin bishiyar lemon da ake kankare wa ɓawo. Mai Kek da hannunta za ta wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ta naɗe shi a takardar gashi sabuwa. Mai Guduma ne zai haƙa ramin, tunda ƙarfi bai ƙare masa ba, amma ba zai taɓa gawar ba. Ƙaramar gudumar za ta shiga ramin tare da marigayin, ta ƙasa, shi a sama. An riga an ƙwace ta, tana cikin gwangwanin gari, mai ita ya zagaya wurin ya fi a ƙirga bai yi ƙarfin halin tambaya ba.

Bayan an rufe rami za a koma kicin don naɗa magaji. Mai Guduma ya zaga kasuwa ya samo irin kofin, dozin guda, sababbi, masu santsi kamar ba su san duniya ba. Ya aiko Auta ta roƙa masa arziki a bar shi ya lotsa guda da guduma a hankali, yana bugu ana aunawa, ya ce sabon ƙarfe ba zai tsage ba, kafin shayi ya huce an gama. Mai Kek ta san gaskiya ya faɗa. Ta ƙi. Ta ce awon da ta ci abinci da shi shekara talatin ba wanda ya ba ta shi, hannunta ne ya yi shi, kuma ba za ta ƙarasa rayuwarta tana gasa kek da awon da aka yi mata don tausayi ba. Yadda aka sami na farko haka za a nemi na biyu.

Ga yadda tsarin yake. Mai Kek za ta tsaya gaban tanderu, inda ta tsaya wancan karon, kofuna suna jere a damanta. Mai Guduma zai tsaya a ƙofar kicin. Auta za ta zauna gefe da sikelinta da kwalbar mai, duk kofin da ya faɗi ta ɗauko ta cika ta auna, ta faɗi lamba da ƙarfi ba tare da ta ƙara ra'ayinta ba. In ya yi yawa, a mayar wa mai jifa ta sake. In ya lotse fiye da kima, a ajiye shi a ɗauko na gaba. Auta ta yi alkawari a gaban maƙwabta cewa ba za ta ɗauko zanen lulluɓi ba sai kofi na goma sha biyu ya faɗi. Ta yi alkawarin tana share ido, an gani.

Matsala ɗaya ta taso, kuma Mai Guduma ne ya hango ta. Daga gaban tanderu Mai Kek ba ta ganin ƙofa yanzu, haske kawai take gani da inuwa. Jiya ya zo ya tsaya a bakin ƙofar, ya daɗe yana gyaran murya, sannan ya ce, "Maman yara, zan riƙa magana, don ki san inda nake." Wannan ne karo na farko da ta amsa masa tun ranar asibiti. Ta ce, "Ka san abin da za ka faɗa." Ya ce bakinsa ba zai iya ba, maganar nan shekara talatin yana so ya haɗiye ta. Ta ce ba ta tambaye shi abin da yake so ba, da dariyar hancin ma take son ta, in ba haka ba hannu ba zai sami ƙarfin da ake bukata ba. Ya ce to, zai faɗa, amma wannan karon ba zai kauce ba, ya cancanci ta same shi. Ta ce, "Ka kauce, Malam. Hagu, kamar wancan karon. Ba tausayinka nake ji ba, kanka ne ba zai ba ni giram ɗari biyu ba."

Masu halarta su tsaya ta bayan mai jifa, masu tabarau su cire. Ba za a raba abinci ba sai an sami magaji. Kafin nan za a fasa ƙwai, a kankare lemo, gari yana cikin kwano a rufe. Mai Kek ta ce kafin a ɗauki kofi na farko, a kunna tanderu ya fara zafi.